Idan Tebur Ya Yi wa Kaya Kaɗan

Shafin labaran da matashi ke gudanarwa daga Bungudu ba a Bungudu yake zaune ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta a Jamus ko Ingila, wadda kamfani ya yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya, kowa da nasa mabuɗin. Wannan ɗaki shi ne sabar haya, wadda masu sana'ar ke kira VPS. Zamfarawa sun ga shaidar wannan nisa a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga: shafukan suna nan daram, ana buɗe su a Kano da Abuja, amma masu su sai sun fita daga jihar kafin su ɗora ko da layi guda.

A ɗakin akwai wuraren ajiya biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko kamar sito yake, inda hotuna da rubuce-rubuce ke kwana. Na biyu, wato RAM, tebur ne na ɗan kasuwa: duk abin da za a miƙa wa mai saye sai ya hau kansa tukuna. Kowane mai karatu da ya buɗe shafin WordPress, sabar takan ware wa buƙatarsa gurbi a teburin, rumbun bayanai na MySQL kuma ya riga ya mamaye babban gefe. A ranar da ba labari, gigabayit 1 ya wadatar. Amma a ce an tare hanyar Gusau zuwa Sakkwato da hantsi, labarin ya bazu a WhatsApp, masu 'yan uwa a kan hanya suka danna a lokaci guda. Sai teburin ya cika. Linux ba ya lallashi. Idan wuri ya ƙare yakan kashe manhajar da ta fi cin wuri, kuma galibi rumbun bayanan ne. Shafin ya faɗi ke nan a sa'ar da aka fi bukatarsa.

Ƙara RAM ba wuya. Ana adana kwafin komai, a kashe sabar, a zaɓi babban ɗaki, a kunna. 'Yan mintoci ne, shi ya sa ake yi cikin dare. Wahalar tana aljihu. A DigitalOcean gigabayit 1 dala 6 ne a wata, gigabayit 2 dala 12. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga shafin da tallarsa ba ta wuce ta masu shagon waya da sanarwar ɗaurin aure ba, wannan hidima ce da ke dawowa duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Saboda haka mai hankali yakan duba teburin kafin ya sayi babba. Sau da yawa tarkacen ƙananan manhajoji ne da aka girka aka manta. Wani lokaci kuma sabar tana sake haɗa labari guda sau dubu, alhali za ta iya haɗa shi sau ɗaya ta riƙa miƙa kwafinsa, abin da ko tsarin Cloudflare na kyauta yana taimaka wa. Ana iya aron wani yanki na siton ya zama ƙarin tebur; yana hana faɗuwa, sai dai da nawa, kamar yaron shago da ke zirga-zirga tsakanin sito da mai saye.

Idan duk an yi wannan teburin bai isa ba, a ƙara, amma a kula da zaɓin da aka danna. DigitalOcean da Hetzner suna barin mutum ya ƙara RAM kaɗai, ya sauko idan hayaniya ta lafa, kamar bayan zaɓe. Wanda ya haɗa da faɗaɗa siton kuwa ya rufe wa kansa ƙofar komawa ƙaramin ɗakin, domin ba a rage sito bayan an faɗaɗa shi.