Juji Ne Sunana

Ina da suna biyu. Na ɗaya yana cikin takardar haihuwata, fasto ne ya zaɓo shi daga Littafi Mai Tsarki. Na biyu kakata ta wajen uwa ce ta laƙaba mini, shi ne Juji. Kafin a haife ni a 1962, mahaifiyata ta binne ƴaƴa uku, har mata suka fara ce mata mai wabi. Kakata kuwa ba ta bin masallaci, ba ta bin majami'a, tana kan al'adar kakanninmu ta Gobir. Da na kwana bakwai sai ta ɗauke ni a ɓoye, ta kwantar da ni a kan juji bayan gida, wai in mutuwa ta zo ta tarar da abin da aka yar, za ta raina shi ta wuce. Babana ya yi faɗa ƙwarai da ya ji. Amma sunan ya zauna, har shi kansa da shi yake kirana.

Babana kuturu ne. Na yi shekaru masu yawa ban iya faɗin wannan magana a gaban mutane ba. Yana saurayi ciwon ya bayyana a jikinsa, danginsa suka yi masa bukka a gefen gari, suka ware masa ƙwaryarsa. Da ƙafa ya tafi Danja, kudu da Maraɗi, inda mishan ta SIM ta buɗe asibitin kutare a shekarun 1950. Ya yi shekaru yana shan ƙwaya har cutar ta mutu, amma kafin nan ta riga ta cinye yatsunsa. A can ya koyi karatun boko, a can ya ji labarin Yesu wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, a can kuma aka yi masa baftisma. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar 1932. Da dungun hannunsa yake juya shafi, bayan ya jiƙa shi da harshe.

Ni kam a cikin ikilisiya na buɗe ido. Na haddace ayoyi, na shiga ƙungiyar mawaƙa, aka yi mini baftisma ina da shekara 14 domin tsarana duka sun yi. Bangaskiyar nan kamar rigar gado take a jikina. Ina sa ta, amma ba ni na saya ba, ban kuwa san kuɗinta ba.

A 1978 na ci jarrabawa, aka tura ni makaranta a Yamai. Can ne tambayoyi biyu suka fara bina. Ta fari ita ce, yaya Bahaushe zai zama Kirista? Wannan ba ta dame ni sosai ba, dariya nake yi in wuce. Ta biyun ce nake tsoro: ɗan wane ne kai? Sai in ce babana manomi ne a jihar Maraɗi. Ba ƙarya ba ne, yana da ƴar gonarsa. Sunan Juji kuwa na binne shi tun a tasha.

Wata rana a 1979 aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Na fita tare da wani abokina, ɗan babban ma'aikaci. Sai ga babana a gindin itace, ƙura ta rufe shi, ya rungume ɗan buhu da hannuwansa biyu. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 domin ya kawo mini ƙuli-ƙuli da kuɗi jaka biyu. Da ya hange ni ya ɗaga murya ya ce, “Juji!” Abokina ya dube ni ya ce, “Wane ne wannan?” Na amsa masa da Faransanci don kada tsohon ya ji. Na ce wani mai bara ne daga garinmu. Na karɓi buhun, muka gaisa a tsaye, na ce an buga ƙararrawa. Ba a buga ba.

Ɗan'uwana mai karatu, ka saba jin shaidar waɗanda giya ko caca ta kai su ƙasa kafin Ubangiji ya ɗaga su. Tawa ba haka take ba, ina kuma ganin irin tawa ta fi wuyar magani. Na gama makaranta, na sami aikin akawu, na yi aure. Ba na fashin sujada. Har ma'ajin ikilisiya aka naɗa ni. Kowane ƙarshen wata ina aika kuɗi gida, sai dai ni kaina ba na zuwa, in kuwa na je ba na wuce kwana biyu. Shekara 15 abin da na yi a bakin ƙofar nan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da kan tashe ni da dare wani ne dabam: in farka in dubi rufin ɗaki, in rasa dalilin da zai sa in tashi gobe. In an ce in yi addu'a a taro, kalmomi suna fitowa sumul, amma kamar wani ne ke magana da bakina.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, ta ragu da rabi. Farashin kaya ya hau, ga shi a shekarun nan ma'aikata kan yi watanni ba albashi. Na kasa aika ko dala. Sa'an nan ne na gane kuɗin nan su kaɗai ne igiyar da ta rage tsakanina da gidanmu. Ana cikin haka wasiƙa ta zo, cewa ƙafar Baba ta yi miki. Na tafi hannu banza, kunya kamar ta kashe ni.

Wani ma'aikacin asibiti ne ya yi mini bayani. Baba ya wuni a gona da ƙusa a cikin takalminsa, bai sani ba sai da ya ga jini. Cutar nan jijiyoyi take kashewa. Mutane suna tsammani ita ce ke gutsure yatsu kai tsaye, alhali yawancin ɓarnar daga rauni take zuwa: ƙaya, wuta, tsakuwa, mutum yana ta takawa bai ji ba har wurin ya ruɓe. Hausawa sun ce jiki magayi, to nasa jikin ya daina gaya masa kome. Saboda haka dole kowace yamma a jiƙa ƙafafunsa cikin ruwa, a kankare kaushin, a shafa mai, a duba ko'ina da ido. Idon mahaifiyata ya yi rauni. Aikin ya faɗo kaina.

Ina da shekara 32, ban taɓa riƙe ƙafar babana ba sai ran nan. Na durƙusa gaban kwano, hannuna yana rawa. Shi kuwa yana ta ba ni labarin damina. A yamma ta huɗu, ina kankare diddigensa, sai wuƙar ta zarce, jini ya fito. Na ce, “Wayyo, Baba, yi haƙuri!” Ya leƙo ya ce, “Me ya faru?” Bai ji ba.

Ban san abin da ya kama ni ba. Na ajiye wuƙar, na ce, “Baba, ranar da ka zo Yamai, akwai abin da na faɗa wa abokina.”

Ya ce, “Na ji.”

Na ce, “Ai da Faransanci na faɗa.”

Ya yi murmushi. Ya ce, “Kalmar nan guda ita kaɗai na sani a Faransanci. Na sha jin ta a ƙofar ofisoshi.” Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, “Na yi kuka a mota har Dosso. Daga Dosso na fara yi maka addu'a. Ban roƙa maka arziki ba, ɗana. Na roƙi Ubangiji ya sa wata rana ka ji zafin abin. Mu mun san abin da ke samun wurin da ba ya jin zafi.”

Daren nan ban runtsa ba. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Zafi kawai na ji, na shekara 15 gaba ɗaya. Da asuba zakaran maƙwabta ya yi cara, na tuna da Bitrus, wanda na sha koyar da labarinsa ga yara ranar Lahadi kamar labarin wani baƙo. Na fita bayan gida, daidai wurin jujin nan, na yi addu'a. Ba ta da tsari ko kaɗan, rabinta kuka ne. Amma ita ce ta fari da na tabbata ni ne ke yin ta, akwai kuma mai saurare.

Na ƙara wata guda a gida. Kafin in koma na tambayi Baba ko sunan nan bai taɓa ba shi haushi ba. Ya ce da fari ya ba shi, amma kowace bazara jujin yake kwasa ya kai gona, wurin da ya zuba kuwa nan hatsi ya fi tsawo.

Ban bar aikin akawu ba, ban zama fasto ba. Abin da na yi shi ne na je wurin wani baduku na koyi ɗinkin takalmi: ƙasansa taya don ƙaya kada ta huda, cikinsa roba mai laushi, ba ƙusa ko ɗaya. Na farko da na yi wa Baba ya karkace, ya sa shi haka nan har ya rasu a 1997. Tun 1995 ake ba da maganin cutar kyauta a duniya, cikin wata 6 zuwa 12 mutum ya warke, wanda ya zo da wuri kuma ba ya rasa yatsa. Amma tsofaffin da suka riga suka rasa ji suna nan, ƙafafunsu kuma ba su yi kama da juna ba, dole a auna kowace ɗaya. Yanzu da na yi ritaya, kowace Asabar nakan dora ƙafar mutum a kan takarda in zagaye ta da fensir. Takardar Baba tana cikin tsohon Littafinsa, na ninke ta huɗu. Jikokin mutanen nan in sun hango ni da jakata sai su ruga gida suna cewa Baba Juji ya zo.