Sunan Lemon Kwalba Daga Glasgow Zuwa Atlanta

Ranar da na sauka Glasgow, a ƙasar Sikotlan, ƙishirwa ta kai ni wani ɗan kanti. Na nuna kwalbar Irn-Bru, lemon nan mai ruwan goro wanda mutanen garin ke ji da shi. Mai kantin ya ce, "Ginger?" Na ce masa ni ba na shan citta. Ya yi ta dariya. Ashe a bakinsu duk lemon kwalba mai gas "ginger" ne, da citta ko babu. A arewacin Ingila kuwa "pop" ake cewa, watau ƙarar kwalba in an buɗe ta, mutanen Landan su ce "fizzy drink".

Na zaci na sauke karatu, sai Amurka ta mai da ni aji ɗaya. A New York da Kalifoniya "soda" ne, a Chicago da Detroit "pop", tsofaffin Boston kuma "tonic". Amma Atlanta ce ta fi ɗaure mini kai. A nan aka fara haɗa Coca-Cola cikin 1886, sunan kuwa ya bi ya hau kan sauran lemuna a jihohin kudu. Na ce wa wata mai sayar da abinci ta ba ni "coke", sai ta ce wane iri? Da ta ga na yi zuru, ta shiga lissafa mini Sprite da Dr Pepper.

Ban ga laifinta ba, tunda mu ma a gida Coca-Cola ɗin lemo muke ce masa, ga shi baƙi ƙirin. Na ce ta kawo Sprite.