Wane Sanyin Ake Nufi?

Ina shekarar farko a jami'a, kaina ya cika da ganin na iya Turanci, Yaya ta ce in raka ta asibiti. 'Yar yayar mahaifiyata ce, ita ta goye ni ina ƙarama, kuma a lokacin shekararta uku da aure babu ko ɓatan wata. Likitan da muka tarar ba ya jin Hausa, saboda haka na zama tafinta. Da ya tambayi abin da ke damunta, sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Ki gaya masa sanyi ne."

Ni kuwa na ɗauko kalmar Turanci ta sanyin hunturu na miƙa masa. Ya tambaya ko jikinta na ciwo, ta ce baya da mara. Ya leƙa maƙogwaronta, ya rubuta maganin mura da na ciwon jiki, muka yi godiya muka fito. A hanya ta ce, "Kin dai gaya masa duka ko?" Na ce, "Duka, Yaya." Har ga Allah haka na zata.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne, Bahaushe ya ɗora wa kalmar nan kaya huɗu. Akwai sanyin hunturu, akwai sanyin ƙashi da tsofaffi ke kuka da shi. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri da mata kan kira sanyi, wanda kan sami mace ko da ba ta taɓa sanin namiji ba. Sa'an nan akwai ciwon sanyi na ainihi, wanda likitoci ke kira gonoriya, ana kuma ɗaukarsa ta hanyar saduwa. Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano ƙwayar cutar a 1879, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an sami sababbin kamu wajen miliyan 82. Namiji kan gane da wuri, domin fitsari yakan yi masa zafi, mugunya ta riƙa fita. Mata da yawa kuwa ba sa ganin wata alama mai ƙarfi, har cutar ta hau zuwa mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo, ta toshe hanya. Takan ma shiga idon jariri wajen haihuwa.

Shekara biyu Yaya ta ƙara tana shan jiƙo da tsimi. A tsakanin nan dangin miji suka laƙaba mata suna, wai juya, aka fara maganar ƙarin aure a gabanta. Da muka koma asibiti, Allah ya haɗa mu da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya Bahaushiya. Da Yaya ta sake cewa sanyi, sai matar ta rufe ƙofa, ta ce, "'Yata, wane sanyin? Ruwan wane launi ne? Maigidan ya taɓa kukan zafin fitsari?" Yaya ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har ta faɗi cewa ya taɓa sayen ƙwayoyi a kemis yana sha a ɓoye. Ina zaune a gefe gumi ya karyo mini, don a nan na gane irin tafintar da na yi. Aka yi gwaji, aka tarar bututu ɗaya ya riga ya toshe.

Da aka nemi maigidan ya zo, sai ya ce shi namiji ne, lafiyarsa ƙalau. Shi ma kalma ce ta ruɗe shi, domin ƙarfin namiji daban, tsarkaka daga cuta daban, iya haihuwa kuma daban. Sai da Kawu ya zaunar da shi kafin ya yarda aka yi musu magani tare, don in an warkar da ɗaya aka bar ɗaya, cutar dawowa take yi.

Tun daga nan na fara sa kunne, na kuwa tarar sanyi ba shi kaɗai ba ne. Mukan ce wane yana da ƙanjamau, alhali ɗaukar ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki daban yake da ƙanjamau, wanda shi ne matakin ƙarshe in an bar ta ba magani. Mai shan maganinsa a kan ƙa'ida yakan rayu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Mukan haɗa tazarar haihuwa da ƙayyade iyali, har miji ya hana matarsa hutun da jikinta ke bukata don ya zaci an ce ta daina haihuwa. Mukan kira mata-maza da ɗan daudu da baki ɗaya, alhali mata-maza halittar jiki ce da ake haihuwar mutum da ita, yaron da aka haifa haka kuwa likita yake bukata, ba tsokanar 'yan unguwa ba.

Wani zai ce ai kunya ce, kunya kuwa ado ce ga Bahaushe. Ban musa ba. Amma ni da kai, mai karatu, mun zauna gaban malam an biya mana Ishmawi da Risala, an rarrabe mana maniyyi da maziyyi da wadiyyi, an bambanta mana jinin haila da na biƙi, ba wanda ya ce malam ya yi batsa. Magabata sun san cewa in ba a kira abu da sunansa ba, tsarki ba zai inganta ba. To, me ya sa abin da muke faɗa don gyaran salla muke kasa faɗa don ceton rai? Sakaya zance yana da wurinsa a gaban suruki, amma ba a ɗakin likita ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya, mu da muke taƙama da nazarin harshe. Mu zauna da ɗaliban likitanci da ungozomomi da malaman fiƙihu, mu tattara waɗannan kalmomi, mu rubuta ma'anar kowace da Hausa mai sauƙi. Gobe mu ne za a ce mu raka wani asibiti, kuma matambayi ba ya ɓata.

Yaya dai ta warke, tana nan a ɗakinta, muna ta addu'a saboda ɗaya bututun. Na taɓa neman gafararta a kan shekaru biyun nan, sai ta ce, "Ke ba ki tambaya ba, ni ban faɗa ba." Allah ya ba ta mai albarka, ya kuma sa mu gane. Amin.