Littafin Ƙirga Da 'Ya'yanmu Na Zango

A wannan wata ina so mu taɓa wata magana da wani zai ga kamar ba ta kai ta kawo ba, wato ƙananan littattafan nan masu hotuna da ake koya wa yara ƙirga da su.

Jikata 'yar shekara huɗu tana da guda uku, duk na Turanci. Wanda ta fi so shi ne The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, mutumin Amurka, wanda ya fito a 1969. Labarin wata tsutsa ce mai haɗama: ran Litinin ta ci ɗan itace ɗaya, ran Talata biyu, har biyar ran Juma'a. Ba na kushe littafin, mai shi ya san aikinsa, har huda takardar ya yi don yaro ya sa yatsa yana ƙirgawa. Amma cikin 'ya'yan itatuwa iri biyar ɗin, lemo kaɗai yarinyar ke sha kullum, sai tuffa da take gani a kan tiren masu talla. Sauran ukun ba su da suna a bakinmu. Ke nan aiki biyu aka ɗora mata, ta koyi lamba, ta kuma koyi abin da ake ƙirgawa.

Ku gwada yaran gidanku. Daga ɗaya zuwa goma za su kawo da Hausa ba gargada. Ku ce su ci gaba, a sha uku ko sha huɗu za ku ji harshe ya karkata zuwa Turanci. Ba laifinsu ba ne. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauka don makarantu, don haka yaron Aboabo a Kumasi Turanci da Tuwi yake karatu. Kuɗin mota da lambar waya, mu manya ma da Turanci muke faɗi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu fa ƙirga ce ta kawo kakanninmu ƙasar nan. Fataken da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro ba su riƙe alli ba, amma ba a cutarsu. Goro ɗari shi ne ƙwarya ɗaya, har gobe haka ake faɗi wajen ɗaurin aure. Kakata ba ta cewa sha takwas, sai ashirin ba biyu. Ita ashirin ɗin ma, da talatin da arba'in, aro ne daga Larabci, mutanen da kuwa gomiya biyu da gomiya uku suke cewa. Metan, arbaminya, hamsaminya, wa ya ji su a bakin ɗan shekara ashirin? Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma sidin da muke kashewa tun 1965 sunan wuri ne a harshen Akan.

Da na gaji da surutu sai na sayi littafin rubutu, na kira wani yaron maƙwabta mai hannun zane. Buta ɗaya, takalma biyu, duwatsun murhu uku, ƙafafun akuya huɗu, yatsu biyar, ƙosai shida a gefen kofin koko. Maiɗakina ta ce mu tsaya a goma yadda Turawa ke yi. Na ƙi, domin bayan goma ɗin ne ɓarnar take. Muka yi shafin ashirin ba ɗaya da na ashirin ba biyu.

A shafin ƙwarya yaron ya ce shi kam ba zai iya zana goro ɗari ba. Sai muka ɓare goro ɗaya, muka samo tawadar allo, jikar tawa tana dangwala ɓarin tana bugawa, layi goma, kowane layi goma. Ta kai hamsin da bakwai barci ya ɗauke ta, sauran arba'in da uku sai da safe aka ƙarasa.