Falkaswa a Yelwa, Gyara a Kasuwa

Gwaggona ba ta iya gayyata ba, umarni take bayarwa. Da ta kira ni a waya cewa ikkilisiyarsu da ke Yelwa ta shirya taron falkaswa, ba ta tambaye ni ko ina da sarari ba. Cewa ta yi ta riga ta share mini ɗaki, kuma tunda daga Jos zan fito, kada in zo mata hannu rabbana, in taho da dankalin Turawa. Na tambaye ta kan maganar taron, ta ce, "Nasara bisa zunubi. Kai ma kana bukata."

Wanda ya bar Jos zuwa Bauchi gangara yake yi, tafiyar kilomita kusan 130. Mun wuce Tilden Fulani kowa na ƙudundune cikin rigar sanyi, kafin mu kai Nabordo an fara tuɓewa, da muka hango dutsen Zaranda kuwa har masu fifita da kwali sun samu. Na sauka da hantsi, na tari keke napep zuwa Yelwa.

Garin Bauchi kashi biyu ne ga mai lura. Akwai cikin gari, wanda Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, da fadarsa da ƙofofinsa irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Wunti. Akwai kuma unguwannin da suka tsiro a wajen ganuwa, ta hanyar Dass, inda Yelwa take. A nan majami'u suka fi yawa, kuma abin da zai ba baƙo mamaki shi ne da Hausa ake sujada a yawancinsu, alhali masu sujadar Sayawa ne da Jarawa da Angasawa da Tangale da sauransu. Kowa da harshen gidansu, amma da Hausa suke addu'a tare, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa tun 1932.

Da yamma majami'a ta cika har waje. Zumuntar Mata sun zauna a gefe guda cikin zannuwansu iri ɗaya, suna buga tulu da caki, Gwaggo a tsakiyarsu tana harara ta don in matso gaba. Mai wa'azin wani tsohon rabaran ne da ya yi ritaya, muryarsa ba ta da ƙarfi, ba ya kuma tsalle a kan bagade. Ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya ɗauki sura 6 da 7 da 8 a jere. Ya ce a sura 6 Bulus yana koyar da cewa wanda aka yi wa baftisma an haɗa shi da mutuwar Almasihu, saboda haka zunubi ba maigidansa ba ne kuma. A sura 7 sai ga mutum yana kuka, yana son yin nagarta, hannunsa na kai shi ga mugunta. A sura 8 aka kawo maganar Ruhu Mai Tsarki, wanda ke ba mutum ikon da ƙoƙarinsa ya kasa ba shi. Tsohon ya ce yawancinmu a sura 7 muka gina gida, har mun yi mata katanga. Ya ce abu uku Bulus ya nema: mutum ya san abin da aka riga aka yi dominsa, ya ɗauke shi gaskiya ko da jikinsa na ƙaryata shi, sa'an nan ya miƙa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, harshe da ido da hannu, kowace safiya.

Wannan tsarin koyarwa ba a Yelwa aka ƙago shi ba. A 1875 aka fara wani taron shekara-shekara a garin Keswick na ƙasar Ingila, wanda jigonsa shi ne cewa mai bi zai iya zaman nasara bisa zunubin da ya sani, ta wurin miƙa kai da dogara ga Ruhu. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara yankin da a lokacin ake kira Sudan, waɗanda aikinsu ya zama mishan ɗin SIM, shi ne ya kafa irin wannan taro a Kanada a 1924. Daga SIM aka sami ikkilisiyar ECWA a 1954. Mishanonin da suka koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Arewa da yawansu wannan ruwan suka sha, su suka shayar da malaman su Baba Rabaran, mai wa'azin namu. Da aka fara aikin Sabon Rai Don Kowa a Jos a farkon shekarun 1960, sai koyarwar ta fita daga aji ta shiga ƙauyuka a bakin manoma da matan aure. Gwaggo ba ta taɓa jin sunan Keswick ba, amma ta haddace darasinsa tun tana budurwa.

Ainihin taron, a wurina, a tsakar gidan Gwaggo aka yi shi bayan an tashi. An shimfiɗa tabarma, an kawo masa da miyar taushe (wanda bai ci masar Bauchi ba kada ya sa baki in ana hirar masa). Akwai wani dattijon ikkilisiya maƙwabcinta, manomi ne daga wajen Bogoro, da wani ɗalibin jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke haya a gidan. Yaron bai gamsu da wa'azin ba. Ya ce, "Baba, ku gafarce ni, amma wannan rabin bishara ce. In Allah ya tsarkake mutum, saiwar zunubin yake tumɓukewa gaba ɗaya. Me ya sa za a ce mu yi ta kokawa har kabari?" Abin da yake faɗa yana da asali shi ma. John Wesley ya koyar da cikakkiyar tsarkakewa a ƙarni na 18, kuma a Najeriya koyarwar ta sami ƙarfi ta hannun W. F. Kumuyi, wanda ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki da ɗalibai a Legas a 1973, abin da ya zama ikkilisiyar Deeper Life.

Dattijon ya gama tauna lomarsa tukuna. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa noman dawa?" Yaron ya ce a'a. Ya ce to akwai ciyawar da ake kira wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji saiwar dawa kusa, sai ya kama ta ta ƙarƙashi yana tsotsa, kafin ka ga jan furensa a sama ya riga ya gama da amfanin. Ya ce bai taɓa ganin manomin da ya rantse cewa gonarsa ba sauran irin wuta-wuta ba, amma ya ga gonakin da ba ta iya yin komai a cikinsu, domin mai gonar yana zuba taki, yana cire ta kafin ta zubar da iri, yana sauya shuka. Ta fi son gonar da ta gaji. "Ni shekaruna sun haura saba'in," in ji shi, "fushin da nake da shi ina saurayi yana nan. Abin da ya canza, ya daina cin dawata."

Yaron bai sallama ba, ya jawo wasiƙar Yahaya ta fari, dattijon ma ya jawo masa wata aya daga cikin wasiƙar guda. Aka yi ta yi har Gwaggo ta kwashe kwanuka ta ce mai son tsarki ya fara da wanke-wanke. Ni dai na fi karkata ga dattijon, ko da yake na ga abin da yaron ke tsoro: mutumin da aka gaya wa cewa zunubi ba ya mutuwa, yana iya mayar da maganar matashin kai.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da irin waɗannan tarurruka, kuma na zo Bauchi da shi a raina. In aka ce zunubi, nan da nan sai a nufi burkutu da zina da taba, wato abin da ido ke gani. Dubi bencin baya na majami'unmu, inda ake zaunar da wanda aka sa a ƙarƙashin horo, aka hana shi Jibin Ubangiji har sai an maido shi a gaban jama'a. Yawanci wa za ka tarar a kai? Yarinyar da cikinta ya tona ta. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ya sulale, wanda ya cinye kuɗin kwangila kuwa a kujerar gaba yake, shi ake kira ya buɗe gidauniyar gini. Horo ba laifi ba ne, na ga mutanen da ya ceto. Amma in nasara ta tsaya a kan abin da ba ya ɓoyuwa, iya ɓoyewa kawai muke koya wa mutane.

Daren da ya biyo baya Baba Rabaran ya taɓa inda ban zata ba. Ya bar maganar giya, ya ɗauko koyarwar Yesu a Matiyu sura 5 game da maƙiyi. Ba wanda ke zaune a majami'ar nan da yake bukatar a fassara masa. A watan Afrilu na 1991 rikici ya tashi a Tafawa Balewa ya bazu har cikin Bauchi, aka yi asarar rayuka masu yawa, Kirista da Musulmi, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Tun daga lokacin mutane suka riƙa zaɓen unguwa da addini. Tsohon ya ce akwai wanda ya bar giya shekara talatin, yana ba da shaida a kai kowace falkaswa, amma ya riƙe ƙiyayyar da ya ɗauka a shekarar rikicin, yana ba ta abinci, har ya raba wa 'ya'yansa gado tun yana da rai. Ya ce bai hana kowa neman hakkinsa ba, bai kuma ce a manta da waɗanda aka binne ba. Tambaya ɗaya ya yi: in ka ji masifa ta faɗa wa wancan ɓangaren, me zuciyarka take yi kafin bakinka ya ce Allah ya kyauta? Ba a yi "Amin" da ƙarfi a daren ba. Da aka kira masu son a yi musu addu'a su fito gaba, ba su kai na daren farko yawa ba, kuma yawancinsu masu furfura ne.

Kafin in bar gari Gwaggo ta ja ni kasuwar Muda Lawal, wai in ga wata ƙawarta ta Zumunta mai sayar da hatsi. Mace ce kakkaura mai yawan dariya. Muka gaisa, na ce, "Mama, ya kasuwa?" Ta ce da godiya. Gwaggo ta ce mata, "Gaya masa labarin mudunki." Ba ta ji kunya ba. Ta ce shekaru tana da mudu biyu: na saye, wanda aka bubbuga gindinsa ya faɗa waje, da na sayarwa, wanda aka tura gindinsa ciki. Abin da ke tsakaninsu bai fi tafin hannu ba, amma a buhu yana taruwa. Ranar da aka yi wa'azin Zakka mai karɓar haraji, wanda ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu, ta koma gida ta jefa mudun sayarwar a salga.

"Sai aka gama?" na tambaya.

"Ina fa, ɗana. Da kuɗin makarantar yara ya matso ni, sabo na saya."

Ta ce abin da ya raba ta da na biyun ba wa'azi ba ne. Ta faɗa wa Gwaggo da bakinta, Gwaggo kuwa ta mayar da shi aiki: duk ranar da ta shigo kasuwa sai ta ɗaga mudun ta duba gindinsa a gaban mutane, kamar mai duba lafiyar jariri. Alhajin da ke rumfar kusa da ita, da ya gane abin da ake ciki, ya ce mata su ma akwai sura guda a Alƙur'ani da ta yi kashedi ga masu tauye mudu, ya kuma riƙa aiko mata masu saye in nasa ya ƙare.

Sauran matsalar ita ce biya. Zakka ya san waɗanda ya cuta, ita kuwa ta ina za ta nemo duk wanda ya sayi gero a hannunta shekara da shekaru? Ta kai maganar ga fastonsu, suka yi shawara cewa ta riƙa biya ta hanyar gyara. Duk wanda ya auni hatsi, bayan mudu ya cika ya yi tozo, sai ta ƙara masa cikin hannu biyu maimakon ɗaya. Ba ta san ranar da bashin zai ƙare ba, ba ta kuma lissafi.

Na ce, "To Mama, yanzu kin yi nasara ke nan?"

Ta ce, "Yau dai ban tauye kowa ba. Amma ka ga ko azahar ba a yi ba."

Na ce ta auna mini wake mudu uku in kai gida. Na nemi ragi saboda Gwaggo, ta ce albarka, ko sisi ba ta rage ba. Ta auna, ta zuba gyararta hannu biyu, ta ƙulle leda, ta juya ga wata mata da ke taya masara.