Kakata 'Yar Fataken Gwanja

A Zango idan ana ba da tarihin gida, maza ake lissafawa: wane ya haifi wane, wane ya yi limanci, wane ya yi sarautar Zango. Matan kuwa sai a ce "Allah ya jiƙan su", a wuce. To a gidanmu, duk abin da muka sani na asalinmu daga bakin mace guda muka ji shi, wato kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya.

Kakanta Ba'agale ne daga ƙasar Katsina, bafataken goro. A zamaninsu ayari kan taso da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rigunan Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga, inda goron Tonawa yake jira. Tafiya da komowa sukan ci kusan shekara. Shi dai da ya zo karo na uku bai koma ba. Ya yi gida, ya zama mai masauƙin baƙi, ya haƙa rijiyarsa kamar kowa, don Salaga gari ne na rijiyoyi. A nan aka haifi mahaifin Iya. Iya ba ta ɓoye cewa a kasuwar nan har mutane ake sayarwa, kuma gidansu bai tsira daga wannan ciniki ba. Takan faɗa, ta yi shiru, ta ja carbinta. Ina ganin ta fi da yawa daga cikinmu gaskiya, mu da muke son tarihi mai daɗin ji kaɗai.

Tun 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, goro ya fara ƙaura zuwa Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar 1892, da 'ya'yan sarautar Kpembe suka yi a kan gado, shi ya ƙarasa garin. Jama'a suka watse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kete-Krachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934. Namu suka yi arewa zuwa Yendi, domin akwai tsohuwar zumunta tsakanin Hausawa da fadar Ya Na. Mahaifin Iya yana yaro a lokacin, a bayan jaki aka ɗaure shi tare da kaya. Ba su daɗe da zama ba Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo cikin 1896. Ya girma a ƙarƙashin Jamus, a 1914 ya wayi gari a hannun Ingila, aka ce masa yanzu ƙasar sunanta Togo ta Ingila, sannan bayan ƙuri'ar 1956 aka ce Ghana ce. Duk wannan bai taɓa sauya ɗaki ba.

An haifi Iya a Yendi wajen 1924. Ta yi karatun allo wurin mahaifinta, ta iya Dagbanci kamar 'yar gari. Shekarar da aka fara yaƙin Hitila aka kai ta aure Bawku, gidan wani Basakkwace mai fataucin shanu da albasa. Can ta ƙara Kusasanci da Mosanci a bakin kasuwa, wadda ke ci bayan kwana uku-uku. Sana'arta koko da ƙosai, tun kafin kiran assalatu wutarta ta kama. Da hantsi kuma 'yan matan unguwa su taru a tsakar gidanta da allunansu.

Sai ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Tsofaffinmu sun san abin da ya biyo baya: gidaje da shaguna aka sayar da su a wulaƙance, manyan motoci cike da mata da yara. Kakana a Sakkwato aka haife shi, ba shi da takarda, ya ce kowa ya ɗaure kaya. Iya ta ce, "Malam, kai kana da inda za ka koma. Ni kabarin ubana yana Yendi, cibiyarsa tana Salaga. Ina zan je in ce na dawo?" Aka yi ta ba ta baki, ta ƙi. Ya tafi da manyan 'ya'ya uku da amaryarsa, ta zauna da ƙanana biyu. Ba su sake ganin juna ba. Har yau a dangi akwai masu cewa taurin kai ne, mace ba ta ƙin bin mijinta. Ni ban yarda ba. Da kuɗin kokon nan mahaifina ya gama makarantar midil, kuma da ta bi motar, da ban shiga kwalejin horon malamai ta Pusiga ba, balle in tsaya gaban allo yau.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne yaran ajina. Lokacin rajistar katin ɗan ƙasa, da yawa iyayensu sun sha tambayar "daga ina kuka zo?" saboda sunansu da harshensu, wasu kuma suka rasa amsa. Alhali dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 a fili take: wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 6 ga Maris 1957, kuma ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Iya ta cika wannan sharaɗi tun ba a rubuta shi ba. Amma sai ka san sunan kakanka da garin da aka haife shi kafin ka iya kafa hujja, kuma a yawancin gidajenmu tsofaffin mata ne ke riƙe da wannan sani.

Iya ta rasu a Bawku cikin azumin 2009. A adakarta mun sami takarda guda ta ajami, rubutun mahaifinta, mai sunayen kakanni biyar da garuruwansu. Na juya ta zuwa boko, na aika wa 'ya'yan baffanninmu a Sakkwato. Suka amsa cewa uku daga cikin sunayen ba su taɓa jin su ba.