Ci-rani Ko Ƙaura?

Ranar da labari ya iso Wurno cewa wani yayanmu ya kammala karatun likita, har guɗa aka yi. Mu 'yan ajin kimiyya mun fi kowa murna, domin da shi malamai suke mana kwatance. Iyayenmu mata kuwa cewa suka yi, "Shi ke nan, mun samu namu." Su suka san wahalar kai mai naƙuda asibiti a Birnin Kudu da tsakar dare.

Bai cika shekara uku da fara aiki ba, sai muka ji ya ci PLAB, jarrabawar da ke ba likita damar aiki a Ingila. Da ya zo sallama, muka tare shi a zaure.

"Yaya, mu kuma fa?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ƙannena, nakan yi kwana biyu a jere ban runtsa ba, marasa lafiya sun fi ƙarfina. Albashin ba ya kai ƙarshen wata, ga gida kowa ni yake kallo."

Ba shi kaɗai ba ne. A 2025 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci sama da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar zuwa bakwai. A 2023 har ƙuduri aka kai Majalisar Wakilai na tilasta wa sabon likita aikin shekara biyar a gida kafin ya samu cikakken lasisi. Mu dai a ganinmu, wanda gajiya da talauci suka kora, doka ba za ta tsare shi ba. Gyaran albashi da kayan aiki ne zai tsare shi.

Amma akwai bashi. Da kuɗin jama'a gwamnatin Jigawa ta tura ɗalibai har ƙasar Sin su karanto likitanci, kuma a makarantar gwamnati yayanmu ya koyi karatu, kamar mu.

Tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu maza suna fita ci-rani, amma da hadari ya fara haɗuwa za ka gan su sun dawo gona. Abin da muka roƙi yayanmu ke nan: ya je ya ƙaro ilimi, ya samu na rufin asiri, ya dawo.

Bana za mu rubuta JAMB, kuma da yawanmu likitanci muka cike. Tambayar da muka yi masa a zaure, wata rana mu za a yi wa ita.